Ɗan Sakkwaton da ya miƙa wa Iwobi ƙwallon Uyo: magana ga masu tsaron baya na Boɗinga da Shagari

Idan na tambaye ka wa ya ci ƙwallon da ta kai Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, kafin in rufe baki za ka ce Alex Iwobi. Ka canka. Ranar 7 ga Oktoban 2017 ne a filin wasa na Godswill Akpabio da ke Uyo, muna karawa da Zambiya, an haura minti 70 babu wanda ya leƙa ragar wani, hankalin kowa ya fara tashi. To wa ya ba Iwobi ƙwallon? Jefa wannan tambayar a gidan kallo a Boɗinga, ko a teburin mai shayi na bakin titi a Shagari, ka ga yadda wuri zai yi tsit. Wani ya ce Moses, wani ya rantse Mikel ne. Koma YouTube ka sake kallo, ba za ta ci maka data mai yawa ba. Victor Moses ne ya shigo da ita ta gefen dama, ya tura wa wani da ya taso a guje tun daga baya, shi kuma ya kwanto da ita ƙasa-ƙasa zuwa cikin gidan Zambiya, Iwobi ya ɗora mata ƙafa. Da wannan ci 1-0 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin zuwa Rasha.

Mai wannan gudu sunansa Shehu Abdullahi, an haife shi a Sakkwato ranar 12 ga Maris ɗin 1993. Ɗan jiharmu ne, zafin da kake sha a watan Afrilu shi ma ya sha shi. Ya buga kofin duniya, yana da lambar tagulla ta wasannin Olamfik, ya ci abinci da ƙafarsa a ƙasashe 5 na waje. Duk da haka, shiga Facebook ko TikTok ka duba hotunan da samarin Sifawa da Dingyaɗi da Kajiji suke sawa a fuskar shafinsu: Ronaldo, Messi, Mbappe, Yamal, in an yi kishin ƙasa a sa Osimhen. Ban ce laifi ba ne. Amma kai da koci ya ajiye a baya, kake jin kamar an rage maka daraja, da kai nake magana yau, kuma tarihin Shehu ne zan bi da kai.

Ka san yadda ake rabon gida a filin unguwa. Mai ƙwallo shi ne lamba tara, ba a ma gardama. Abokinsa na kusa lamba goma. Wanda ya iya yanka ya tafi gefe. Sai a waiwayo a dubi sauran, wanda ya fi jiki a ce masa "kai tsaya baya, duk wadda ta zo ka buge ta", ƙaramin cikinsu kuma a tura shi raga. Tun daga nan yaro ke ɗaukar cewa baya wurin waɗanda ba su iya ba ne. Manyan duniya ma ba su taimaka ba. Tun da Fabio Cannavaro na Italiya ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 2006, babu mai tsaron baya da ya sake ɗaukar ta. Virgil van Dijk ya zo daf a 2019, Messi ya tsere masa da maki 7 kacal. Ga kuma waya ta zo ta ƙara dagula lissafi, domin bidiyon daƙiƙa 30 ba ya iya nuna aikin ɗan baya. Wanda ya yanke mutum uku ya ci, nan take ya zagaye WhatsApp. Wanda ya tsaya inda ya kamata har ɗan gaba ya rasa hanya ya mayar da ƙwallo baya, me za a ɗauka? Babu abin da ya faru, kuma rashin faruwar abin shi ne aikin da aka sa shi.

Amma galibin ƙungiyoyi a duniya suna shiga fili da mutum huɗu a baya, wani lokaci biyar, alhali lamba tara galibi ɗaya ne. Yi lissafin da kanka. Gurbin aiki ya fi yawa a baya, masu rububinsa kuma sun fi ƙaranci.

Daga Jos zuwa Ƙofar Mata

Shehu ya bi ta Plateau United ta Jos kafin ya isa Kano Pillars, kuma ya isa a daidai lokacin da Sai Masu Gida ke kan ganiyarsu. Pillars ta lashe gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Duk wanda ya san filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya san ba wurin da ɗan baya zai yi kuskure ya koma gida lafiyar kunne ba ne. A can aka fara ganin abin da ya zama jarinsa har yau: ana iya sa shi lamba biyu, ana iya sa shi tsakiya ya tare gaban 'yan baya, in ta kama ya koma tsakiyar baya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Pillars aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, sannan marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu a farkon 2014, gasar CHAN da ake yi wa 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida kaɗai. Masu shekaru a cikinku za su tuna wasan Maroko, wanda aka tafi hutun rabin lokaci an ɗura mana 3-0, aka dawo aka rama, aka ci 4-3 bayan ƙarin lokaci. Gana ta cire mu da bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe, muka doke Zimbabuwe muka zo na uku. Keshi kansa ɗan baya ne a zamaninsa, shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994, don haka idonsa ya san abin da yake nema. Abin lura a nan, babu wani ɗan kamasho da ya karɓi kuɗin gonar gidansu Shehu ya ce zai kai shi Turai. Gasar gida ya buga, wadda kai kake rainawa kana cewa ba ka kallon "lokal", daga ita aka gan shi.

Bayan CHAN sai ya fita. Kuma ga inda nake so ka buɗe ido, domin jerin ƙungiyoyinsa ba irin wanda ake yi wa ihu a gidan kallo ba ne. Qadsia ta Kuwaiti. União da Madeira ta Fotugal, a tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo. Anorthosis ta Saifurus. Bursaspor ta Turkiyya daga Janairun 2018. Omonia ta Nikosiya, nan ma Saifurus, daga 2020. Sai ɗan gajeren zama a Levski Sofia ta Bulgeriya a 2022. Ƙungiya 6, ƙasa 5, kimanin shekara 8. Babu Chelsea, babu Madrid, babu Barca.

Na sha jin samari suna taɓe baki su ce ai bai yi nisa ba. Wallahi abin yana ba ni dariya, musamman in mai maganar bai taɓa buga wasan da aka sayi tikiti aka shiga kallonsa ba. Mafi yawan 'yan Afirka da ke ci da ƙwallo a waje a irin waɗannan ƙasashe suke. Waɗanda kake gani a Firimiyar Ingila daren Asabar 'yan tsiraru ne a kan tulin dubbai. Rayuwar ɗan ƙwallo ta gaske ita ce kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, sabon yare, sabon koci, sanyin da bai saba ba, azumi a garin da ba a san ana yi ba, da kuma fargabar ko za a biya albashi a ƙarshen wata.

Kuma Shehu ya ga wannan fuskar. União da Madeira ta faɗo daga babbar gasar Fotugal a ƙarshen kakar 2015/2016, yana cikinta. Bursaspor, wadda ta taɓa zama zakaran Turkiyya a 2010, ta faɗo a 2019, nan ma yana cikinta, kuma matsalar kuɗi ta ci gaba da gangarar da ita bayan ya tafi. In ƙungiya ta faɗi, 'yan baya ake fara nunawa da yatsa, domin ƙwallayen da aka ci su ake ƙirgawa. Ɗan gaba zai iya cewa ni dai na ci goma. Ɗan baya ba shi da irin wannan mafakar. Abin da ya burge ni shi ne, duk lokacin da ƙasa ta zame masa, wata ƙungiyar ta miƙo hannu. A Omonia ya faɗa hannun koci Henning Berg, ɗan Norwe, tsohon ɗan baya da ya ci Firimiyar Ingila da Blackburn da kuma Manchester United. Tare suka lashe gasar Saifurus a 2021, karo na farko ga ƙungiyar tun 2010, suka kuma buga matakin rukuni na gasar Europa da irin su PSV da Granada. Ka lura, sau biyu ke nan tsohon ɗan baya yana zaɓen sa. Barewa ta san gudun 'yar'uwarta.

Me masu horarwa ke saye in sun sayi lamba biyu?

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin wannan ne abin da ba a koya maka a filin makarantar firamare. Ɗan baya na gefe yana fuskantar mutumin da ya fi kowa gudu da iya yanka a ƙungiyar abokan karawa. Aikinsa na farko shi ne kada ya yi saurin miƙa ƙafa. Ɗan gefe jira yake ka kai masa hari, kana kaiwa ya kauce, ka zama abin dariya. Don haka sai ka rage gudu kafin ka isa gare shi, ka karkata jiki, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka toshe masa hanyar shiga ciki ka bar masa ta bakin layi, ko ka tura shi kan ƙafar da ba ta da ƙarfi. Kowace daƙiƙa da ka ɓata masa, abokanka na dawowa. Sau da yawa ba kai za ka ƙwace ƙwallon ba, wanda ya zo taimako ne zai ɗauke ta, kuma shi za a tafa wa.

Na biyu, ido. In ƙwallo tana can gefen hagu, lamba biyu ba hutu yake ba. Dole ya matso ciki kusa da lamba biyar, yana kallon ƙwallo da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kan mutumin da ke laɓe a bayansa yana jiran a kwaso ta zuwa turken nesa. Ƙwallaye da yawa da kake gani an ci da ka a turke na biyu, ɗan bayan gefe ne ya shagala da kallon wasa kamar ɗan kallo. Ga kuma layin satar gida: mutum huɗu su taka tare kamar an ɗaure su da igiya. Ɗaya ya yi nawa da taku biyu, ya halatta wa ɗan gaba abin da ya haramta.

Sai na uku, wanda zamani ya ƙaro. Yanzu ana so lamba biyu ya hau, ya wuce ɗan gefensa, ya kwaso ƙwallo ko ya kwanto da ita baya kamar yadda aka yi a Uyo, sannan in an ƙwace ya juyo da gudu mita 60 ko 70 ya koma gidansa. Ya yi haka sau da yawa cikin minti 90. Sanin lokacin hawa da lokacin zama shi ne ke raba ƙwararre da ɗan koyo. Da Shehu ya hau a waccan daƙiƙar aka ƙwace ƙwallon, Zambiya ta bi ta gurbinsa ta ci, da yau sunansa na bakin kowa, amma da zagi.

Akwai wani abu da filayenmu ke koyarwa ba da niyya ba. Ƙasar Boɗinga da Shagari a rani tauri gare ta kamar siminti, ga tsakuwa. Duk wanda ya zube ƙasa don ya share ƙwallo zai tashi da cinya a saɓule, sai an yi sati ana shafa magani. Don haka yaranmu kan koyi tare mutum a tsaye, kuma wannan shi ne ainihin abin da makarantun ƙwallo na Turai ke wahalar cusa wa nasu yaran. Inda muke da giɓi shi ne abin da ke biyo bayan ƙwacewa. An saba maka da "buge ta waje", 'yan kallo su yi shewa. Koci na yau yana son ɗan bayan da zai tsayar da ƙwallo, ya ɗaga kai, ya miƙa wa ɗan tsakiya a ƙafa, da dama da hagu. In kana son ka bambanta da sauran, samu bango, ka riƙa buga masa da ƙafar da ba ka so kullum bayan sallar Asuba kafin rana ta buɗe. Ba ya buƙatar ko kwabo.

Shi ya sa iya buga gida fiye da ɗaya ya zama wa Shehu jari. A gasa irin ta Olamfik mutum 18 kaɗai ake tafiya da su a lokacin, a kofin duniya na 2018 mutum 23. Koci yana ƙirga kujeru. Mutum ɗaya da zai toshe gurbi uku ya fi masa wanda ya iya abu ɗaya tak, ko da ya fi iya shi.

Rio, Constantine, Kaliningrad

Labarin Olamfik na 2016 kusan kowa ya ji shi. Tawagar Samson Siasia ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin jirgi, ta sauka Manaus ta Barazil sa'o'i kaɗan kafin wasan farko, ta kuma doke Japan 5-4, Oghenekaro Etebo ya ci huɗu. Aka wuce Suwidin da Denmak, Jamus ta tare mu 2-0, sannan aka doke Honduras 3-2 a Belo Horizonte, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samo a Rio, kuma ɗan Sakkwato na cikin waɗanda aka rataya wa.

Wata ɗaya bayan daren Uyo sai ga wani abin da ya kamata kowane matashin ɗan wasa ya sani. Ranar 10 ga Nuwamban 2017 Najeriya ta je Constantine ta yi 1-1 da Aljeriya, Shehu ya buga. Ashe yana da katin gargaɗi biyu a wasannin neman gurbin, wanda a doka ya kamata ya huta wasa ɗaya. FIFA ta ƙwace sakamakon ta ba Aljeriya 3-0, ta ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya kuɗin Suwizalan 6,000. Allah ya taimaka mun riga mun wuce, muka ƙare da maki 13, Zambiya na da 8. Ƙirga kati aikin ofis ne, na sakatarori da jami'an tawaga. Amma duba kanun labaran lokacin, sunan wa aka rubuta? Ɗan baya ya fi kowa karɓar kati saboda yanayin aikinsa, don haka in ka fara buga gasar da ake rubutu, riƙe lissafin katinka a wayarka, kada ka bar wa kowa.

A Rasha ya fara wasan farko da Kuroshiya a Kaliningrad ranar 16 ga Yunin 2018. Aka ci mu 2-0, duka daga bugun kusurwa abin ya samo asali: ta farko ta daki Etebo ta shiga gidanmu, ta biyu fenareti ce da Luka Modric ya buga bayan William Troost-Ekong ya rungume Mandzukic. Sai koci Gernot Rohr ya sauya tsari, ya koma mutum uku a tsakiyar baya, ya mayar da Victor Moses gefen dama yana hawa yana sauka. A sabon tsarin babu kujerar lamba biyu. Ahmed Musa ya ci Aisland biyu, Marcos Rojo na Ajantina, shi ma ɗan baya, ya kore mu gida ana saura minti kaɗan a tashi, Shehu yana benci a wasannin biyu. Mutumin da ya ba da ƙwallon zuwa Rasha minti 90 kaɗai ya samu a can. Shekara ta zagayo, a kofin Afirka na 2019 a Masar, ya fara wasan Burundi a Iskandariyya, rauni ya fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci, Chidozie Awaziem ya shiga gurbinsa ya kuma riƙe. Haka sana'ar take. Sauyin tsari ɗaya ko tsagewar tsoka ɗaya ta isa ta karɓe abin da ka yi shekaru kana ginawa, ba tare da ka yi wa kowa laifi ba.

Shi Ekong ɗin da ya jawo fenareti a Kaliningrad, wanda suka zauna da Shehu a Bursaspor, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan kofin Afirka da aka kammala a Kodebuwa a Fabrairun 2024. Ɗan baya ya kan daɗe kafin ya nuna, don aikinsa da ƙwaƙwalwa ne, ita kuwa sai an sha kuskure take cika.

Daga baya Shehu ya dawo gida ya sake sa rigar Pillars, kuma a kakar 2024/2025 shi da Ahmed Musa suka riƙa fita fili tare a gasar Najeriya. Wasu sun kira shi ci baya. Ni kuwa ina ganin yaron da ke atisaye kullum kusa da mutumin da ya tsaya gaban Modric ya samu makarantar da ba a biya.

To kai fa?

Daga Boɗinga zuwa filin wasa na Giginya ba a kai awa guda a mota. Daga Shagari ma ka bi ta titin nan ka iso ka koma a yini ɗaya. Nisan da ke tsakaninka da ƙwallon sana'a na takarda ne. Ƙwallon Najeriya hawa-hawa take: Firimiya a sama, gasar NNL a ƙarƙashinta inda Sokoto United ta daɗe tana fafutuka, sai gasar NLO ta ƙananan ƙungiyoyi, ga kuma kofin ƙalubale da ake farawa daga matakin jiha. Ƙungiyar unguwarku, komai yawan kofin kansila da na ciyaman da ta tara, in ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiha, a idon tsarin ba ta wanzu ba, kai ma ba ka wanzu ba. Kuma asarar ba taka kaɗai ba ce. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kocin da ya yi shekaru yana saya maka ruwan leda da kuɗin aljihunsa ba zai ga ko sisi ba in babu sunan ƙungiyarsa a takardarka. Nuna masa wannan sakin layin.

Sai maganar masu zuwa da alƙawari. Za a turo maka saƙo a Facebook da hoton wata takarda mai tambarin ƙungiyar Turai, a ce an gayyace ka gwaji, ka turo kuɗin biza da na jirgi. Ke ma 'yar'uwa da ƙanenki ya dame ki a kan ki sa baki Baba ya sayar da gona ko shanun huɗa, saurara. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi yaron da iyayensa ke Dandin Mahe ba. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 16 ya sa hannu a Turai, ko bai san doka ba ko ya san abin da yake yi. Wakilin gaske lasisi gare shi, kuma ribarsa na zuwa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Ƙungiyar da take son ka da gaske ita ke ɗaukar nauyin zuwanka. A wannan lokaci da rashin tsaro ya hana wasu ƙauyukanmu noma yadda suka saba, gonar da ta rage a hannun gida ba abin caca ba ce.

Kada kuma ka yarda a rage maka shekaru. Ana yin hoton ƙashin wuyan hannu ga 'yan ƙasa da 17, kuma a 2016 an sallami fiye da 20 daga sansanin Najeriya a kan wannan gwajin, Nijar ta zo ta cire ragowar. Ga ɗan baya ma ragin ba shi da wani amfani, tunda sana'arsa ta fi ta ɗan gaba jinkirin tsufa. In za ka tura bidiyo, sa wani ya hau katanga ya ɗauki cikakken rabin wasa daga nesa, yadda za a ga inda kake tsayawa in ƙwallo ba ta wurinka. Mai neman ɗan baya wannan yake kallo. Makaranta kuwa kada ka sake ta. Kwantiragi da Turanci ake rubuta shi, kuma ka ga abin da tsoka ɗaya ta yi a Iskandariyya.

Akwai kuma abin da ya rage wa masu shirya gasa a ƙananan hukumomin nan biyu, da 'yan siyasar da ke sa kofi in zaɓe ya matso. A irin waɗannan gasanni an saba ba da kyautar wanda ya fi cin ƙwallaye, wani lokaci da ta mai tsaron raga, shi ke nan a watse. Ku ƙara ta gwarzon ɗan baya, ku sa tsofaffin 'yan wasa biyu ko uku su zauna su zaɓa, a kira sunansa a lasifika a gaban mutanen garinsu. Ba sai ta kai ta lamba tara tsada ba, takalmi da abin kare ƙwauri sun isa a fara da su. In kuma da sauran canji bayan an sayi kofi da riguna, a biya wa ƙungiyoyin da suka kai wasan ƙarshe kuɗin rajista a Sakkwato.